Musayar Waƙa a Kan Alhaji Abubakar Imam: Ƙirƙira Ce ko Aro?

Tsohon Malami, Funtuwa:

Assalamu alaikum. Na tsara waɗannan baitoci ne domin tunawa da marigayi Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya rasu a Zariya a 1981. Mai son amsa mini ya amsa da waƙa, kamar yadda muka saba.

Da sunan Allah nake buɗe wannan waƙa,
In tuna da Imam, gwanin alƙalami na Zariya.
Ɗan alƙali ne, Kagara ce mahaifarsa,
A gidan ilimi ya buɗe ido, ya sha tarbiyya.
Kwalejin Katsina ta horar da shi malami,
Ya riƙe alli a Midil yana koyar da 'ya'ya.
A 1933 Dakta East, Baturen hukumar talifi, ya kira gasar rubutu,
Lokacin malamai na ganin ƙagen labari ƙarya.
Yayan Imam, Bello Kagara, ya kawo Ganɗoki,
Tafawa Ɓalewa ya kawo Shaihu Umar, duk a gasa ɗaya.
Shi kuwa Imam ya fito da Ruwan Bagaja,
Wanda har gobe mai karanta shi sai ya yi dariya.
Wa zai manta da Malam Zurƙe ɗan Muhamman,
Shi da Alhajin labarin kullum suna ramuwar gayya?

Ɗalibin Adabi, Kano:

Baba Malam, a gafarta wa yaro,
In harshensa ya zame a gaban wannan taro.
Magana Jari Ce nake so mu duba ba tsoro,
Juzu'i uku ne, amma da yawa labaran aro.
Akun da ke riƙe Musa ɗan sarki da hira domin tsaro,
A Indiya aka san irinsa, daga can aka faro.
Wasu daga Alfu Laila aka zaro,
Wasu tatsuniyoyin Jamus ne aka ƙaro.
Wanda aka jibge wa littattafai aka ce ya tsamo,
Shin maƙagi ne, Baba, ko gwanin ɗinke aro?

Malamar Hausa, Maraɗi:

Ƙanena, tambayarka ba ta rashin kunya ba ce,
Kuma ta cancanci a zauna a yi mata amsawa.
Ka je Ƙofar Mata ka tsaya a bakin marina,
Ka ga yadda farin ƙyalle ke shiga yana fitowa.
Ko daga wace ƙasa fatake suka kawo yadin,
In ya sha baba ya sha bugu, sunan marini ake kirawa.
Ina ƙarama, kakata ba ta san boko ba,
Bayan lisha sai ta sa in ɗauko littafin ina karantawa.
Aci-balbal na hayaƙi, tana kaɗi da mazari,
Ni kuma ina bin layi da yatsa ina sassarƙewa.
In aku ya hana Musa fita da sabon labari,
Sai ta ajiye abawa a cinya tana tafawa.
Ba ta taɓa jin ƙanshin Jamus ko Indiya ba,
Fada ta ji, da dogarai, da zaure, da gaisuwa.
Karin maganar da ke bakin mutanen littafin,
Ita ce wadda take yi mana in muna ƙiwa.

Ɗan Jarida Mai Ritaya, Kaduna:

Malama ta yi gaskiya, ni kuma zan ƙara ta ɓangaren sana'armu.

A 1939 aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo,
Imam ya zauna kujerar edita, aiki sabo.
Hausar da za a rubuta yaƙin duniya da ita,
Shi da abokan aikinsa suka sassaƙa har aka yi sabo.
A 1943 ya je Ingila da 'yan jarida,
Littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi ne tsarabar da ya ɗebo.

Ɗalibin Adabi, Kano:

Yaya Malama, misalin marina ya kama ni,
Na yarda cewa rinin nasa ne, babu tantama.
Abin da ya rage mini shi ne ajin da aka koya mana,
Inda ba a taɓa gaya mana asalin yadin ba ma.

Tsohon Malami, Funtuwa:

Ɗana, wannan laifin namu ne mu masu alli,
Domin Imam da bakinsa bai ɓoye gaskiya ba.
Ya faɗi cewa East ya tara masa littattafai,
A 1936, yana rubuta Magana Jari Ce, wajen wata shida bai bar Zariya ba.
Mu ne muka koyar da littafin shekara da shekaru,
Ba mu taɓa ɗora shi kusa da tushensa ba.
Ka zaɓi labari ɗaya, ka kawo na Jamus da na Imam,
Ran Juma'a mu jera su, mu ga abin da bai taɓa ba.