Kowa ya ci zomo ya ci gudu: wane gudun ake nufi?

Autan Hajiya: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman a warware mini wata magana. Jiya bayan la'asar yayyena biyu suka yi sa-in-sa a kan shagon da mahaifinmu ya bari, Allah Ya ji ƙansa. Babban shi ya riƙe shagon tun Baba yana kwance, shi ke zuwa Legas sari, shi ke biyan haya. Ƙaramin a lokacin yana makaranta, yanzu ya dawo ya ce a raba riba daidai tunda gado ne. Da magana ta yi zafi sai babban ya ce masa, "Kai dai ka sani, kowa ya ci zomo ya ci gudu." Nan take ƙaramin ya miƙe ya ce barazana ake yi masa, har ya kai ƙara wurin kawunmu. To barazana ce, ko gori ne, ko me?

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Allah Ya ji ƙan Baba. Ba wata barazana a nan. Yayanku cewa yake ribar da kake gani ba daga sama ta faɗo ba, ni na sha wahalarta. Ƙanwarta ita ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Kanawa ne dai da son juya magana in an zo kan kuɗi.

Autan Hajiya: Ban ce daga Kano nake ba fa, Malam.

Bazazzagi: Shago, sari, riba, ƙara wurin kawu. Ai ba sai ka faɗa ba.

Malamin Hausa: Kada a yi saurin ba ƙaramin laifi. Ku faɗi maganar da baki ku saurara. In ka ja "ya" na biyu da sauti sama, gudun ya riga ya wuce, an yi shi kafin a ci naman. In kuwa ka karya shi, sautin ya faɗo ƙasa, ya koma abin da zai zo, kamar yadda muke cewa kowa ya ci buzu ya yi aman gashi. A rubuce duk "ya" ne, a baki kuwa ba ɗaya ba ne. Mutum cikin fushi zai iya jin na biyun, wato ka ci, amma za ka yi gudu daga baya. Auta, da wane sauti yayanku ya faɗa?

Autan Hajiya: Wallahi Malam ana cikin hayaniya, ban tsaya auna sauti ba.

Maman Husna: Ni abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne me ya sa "ci gudu". A maganar yau da kullum ai cewa muke ya sha gudu, kamar ya sha rana, ya sha wahala, ya sha kashi. Ban taɓa jin an ce wa yaro ka ci gudu yau ba, sai a karin maganar nan.

Malamin Hausa: Tambaya mai kyau, Hajiya. Masana biyu, Philip Jaggar da Malami Buba, sun yi rubutu a kan wannan a 2009. Abin da suka nuna shi ne "ci" ya fi tafiya da rinjaye, shi kuwa "sha" da abin da ya auka wa mutum ya jure. Ya ci gari, ya ci sarauta, ya ci jarrabawa, ya ci kasuwa, wuta ta ci gida, ruwa ya ci mutum. A wannan ma'auni, wanda ya ci gudu ya fi ƙarfin gudun ke nan, ya yi tsere da zomo ya rinjaye shi.

Bazazzagi: To ya ci duka fa? Wanda ya ci na jaki wa ya rinjaya? Da ya ci baƙar wuya? Ni a ganina magabata sun maimaita "ci" ne don maganar ta zauna a baki. Ka ce kowa ya ci zomo ya sha gudu ka ji yadda ta saki.

Alaramma na Zaure: Batun gudun dai tsoho ne. A Bukhari da Muslim akwai hadisin Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, cewa sun tayar da zomo a Marruz Zahran, mutane suka bi shi har suka gaji, shi Anas ya cim masa, ya kai wa Abu Ɗalha ya yanka, aka aika wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da cinyoyinsa, ya karɓa. Ku lura, da yawa sun yi gudun, ɗaya ne ya kama. Amma Auta, gado ba a raba shi da karin magana. Ku je wurin malamin da ya san fara'ili, a fitar da ladan aikin yayanku in akwai, sannan a raba.

'Yar Damagaram: Ku bari in ba ku na kakata, Allah Ya haskaka kabarinta, don ita daban take fassara shi. A wani ƙauye suke kusa da Mirya. Shekarun farin nan na wajen 1973, rumbu ya yi ƙasa, dabbobi sun ƙare, miya sai kuka tsura. A gidan akwai wani yaro maraya, ɗan ƙanen kakanmu, da karensa da ake kira Zuba-ido. Kullum da sassafe zai ɗauki kerensa, wato sandar jifa, shi da karen su shiga daji, wani lokacin sai azahar su dawo, ƙafafu duk ƙarangiya. Ran da Allah Ya ba shi zomo, a ka'idar gidan naman na akushin maigida ne, yaro sai romo da ƙashi.

Rannan girkin kakata ne. Ta dafa, ta tsame cinyoyin duka biyu ta ba yaron a bayan ɗaki, ta jefa wa kare kai, ta zuba wa maigida romo da ɗan haƙarƙari. Ya buɗe akushi, ya laluba, ya laluba, ya aika a kira ta. Ta zo ta durƙusa. Ya ce, "Ina zomon?" Ta ce, "Malam, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Na duba gudun nan na ga na maraya ne, na ji tsoron in zuba maka shi a akushi."

Ita a wurinta cin gudu kamar cin gumi ne. Wanda ya ci naman ya cinye gudun wanda ya kamo, kuma bashi ne a wuyansa.

Maman Husna: Allahu Akbar. Kakar nan taki ba ta wasa ba ce. Me tsohon ya ce?

'Yar Damagaram: Bai ce uffan ba, ya rufe akushin. Abokiyar zamanta ta samu abin yi, ta yi ta yawo da maganar a bakin rijiya cewa an hana maigida nama an ba kare. Shi kuwa zuciya ta ɗebe shi, ran Asabar ya karɓi keren yaron ya ce shi ma zai fita. Zuba-ido ya ƙi bin sa, ya kwanta a gindin rumbu. Sai la'asar sakaliya ya dawo, ba zomo, ba takalmi ɗaya, wando ya yage. Kakata ta kai masa ruwa ta ce sannu da farauta, ba ta ƙara ko kalma ba. Daga ranar shi da kansa yake cewa a cire wa yaro cinya tukuna. Yaron nan shi ya riƙe ta har ta rasu, daga Kano yake aiko mata da atamfa duk salla.

Ɗan Zangon Kumasi: Ni karen ya fi burge ni. Ya san wanda ya yi gudu da shi.

Bazazzagi: Labari ya yi daɗi, amma 'yar'uwa wannan ma'anar tana da nata karin maganar tun tuni: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kakarki dai ta lanƙwasa ta zomo ne don ta yi mata aiki.

'Yar Damagaram: To ai shi ya sa ake ce mata karin magana, Malam. Wanda ya iya shi ke karya ta inda yake so.

Sarkin Yaƙin Majalisa: In dai fassarar kaka ce daidai, to wasu sun ci gudun unguwa guda. Mu muka liƙa fosta, mu muka kwana a rumfar zaɓe muna gadin ƙuri'a, shi ya ci zaɓe, ya ci kwangila, ya ci gaba, yanzu ko waya ba ya ɗauka. Ko kan zomon ba a jefo mana ba.

Ɗan Zangon Kumasi: Ku ma ai kun ci taliya da sabulu.

Sarkin Yaƙin Majalisa: Taliya ƙulli biyu a shekara huɗu! Kuma in ka yi magana a ce matasa ci-ma-zaune ne. Bari zaɓe ya matso, za a gwada fassarar Malamin Hausa ta biyu, mu ga wanda zai ci gudu.

Alaramma na Zaure: A yi hattara da harshe, jama'a. Wanda ya sayar da ƙuri'arsa shi ma a tambaye shi me ya ci.

Maman Husna: Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Mai gidan da ya ci ba ku cika zaginsa ba, sai ɗan unguwarku da ya raba muku taliyar.

Autan Hajiya: Yanzu ni me zan faɗa wa kawu? In na bi ta Bazazzagi babban ne da gaskiya. In na bi ta kaka ma shi ne, don ƙaramin ne ke son cin gudunsa. Amma kuma jarin na Baba ne, shi ya yi gudun farko.

Malamin Hausa: To ka ga an samu zomo ɗaya da masu gudu biyu, ɗaya ma ba ya raye.

Ɗan Zangon Kumasi: Ina da tambaya ga Alaramma. Zomon da ake kiwo a keji, ana ba shi dusa da ganyen dankali, wanda ya ci shi me ya ci? Nan wurinmu an fara kiwonsa sosai.

Bazazzagi: Ya ci kuɗinsa.

Maman Husna: 'Yar Damagaram, don Allah abokiyar zaman kakar taki fa, sun shirya daga baya? Kuma wa ya raɗa wa karen Zuba-ido, don sunan nan da wata ake.