Na'urar gani da dare ta ƙi haɗuwa da kyamarata, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon maganata. Shekara biyu ke nan wasu mujiyoyi biyu suna zaune a kogon wata tsohuwar bishiya a bayan gidana. Bara sun yi ƙyanƙyasa, na yi makonni ina jin kukan 'ya'yan amma ban taɓa sa su a ido ba, domin da na haska tocila sai uwar ta tashi, ta daɗe ba ta dawo ba. Abin ya tsaya min a rai. Bana kuma sun fara zirga-zirga, na san lokaci ya kusa. Mutanen gida suna ta faɗa wai na hana kaina barci saboda tsuntsu, maƙwabcina kuma so yake a sare bishiyar, shi ya sa nake neman hoton da zan nuna masa ko ya sassauta. Na sayi na'urar gani da dare mai ido ɗaya, ta dijital, mai fitilar infirared, wato hasken da idon mutum ba ya gani. Da idona ina ganinsu tar. Amma in na kara kyamarata a wurin sa ido, sai hoton ya fito 'yar da'ira a tsakiya, gefe duk baƙi, ga layuka suna ta gudu. Wace adafta zan nema?

Tsohon mai hoto: Ƙanena, tun wurin saye ka kauce hanya. Ta dijital ai ita kanta kyamara ce: sensa a gaba, ɗan allo a ciki. In ka kara taka a bayanta hoton allo kake ɗauka, kamar mai ɗaukar fuskar talabijin, daga nan layukan suke. Babu adaftar da za ta gyara wannan. Nemi mai bututun ƙara haske, irin PVS-14, wadda ke ninka hasken wata da taurari sau dubbai. Akwai zoben da ake ɗaura ta da shi a bakin gilashin kyamara. Bututun Gen 3, wato zubi na uku na irin wannan bututu, yana kai awa 10,000 yana aiki. Sauran duk wasan yara ne.

Mai bin tsuntsaye: Malam, da girmanka, amma ban yarda ba. PVS-14 ba ta jawo abu kusa, yadda ido ke gani haka take nunawa, faɗin digiri 40. Mujiya a saman bishiya ɗigo za ta zama. Ga shi Amurka ba ta barin a fitar da Gen 3 sai da izini, kuma haske mai ƙarfi yana iya barin tabo a bututun. Ni tsohuwar kyamara na ba wa gwani ya cire gilashin da ke gaban sensa, wanda ke tare infirared, na haɗa da fitila daban. Ka kuma duba taka fitilar: mai nanomita 850 (ma'aunin tsawon zangon hasken ke nan) tana ɗan yin ja a bakinta, mai 940 ba a ganinta amma ba ta kai nisa kamar waccan.

Wani ɗan uwa: Ku dai yi hattara da rubutun kwali. Ni an sayar min da wadda aka rubuta Gen 3 ɓaro-ɓaro, da na kunna sai gefen hoto a lanƙwashe, in ba fitila ba ka ganin komai. Ashe Gen 1 ce, tsohon zubin farko. Wata huɗu ina bin mai kayan, yanzu ko saƙona ba ya buɗewa. Har yau raina a ɓace yake.

Wata 'yar uwa: Me zai hana mai gane zafin jiki? Ba ta buƙatar haske ko kaɗan.

Tsohon mai hoto: A'a 'yar uwa. Gashin tsuntsu yana rufe zafinsa, fuska kawai za ta yi haske, sauran dusu-dusu. Wa zai nuna wa maƙwabci wannan? Na faɗa, bututu ne magani. Shekara nawa ina wannan aiki.

Mai bin tsuntsaye: Ɗan uwa mai tambaya, har yanzu ba ka faɗi irin kyamararka ba, ko nisan bishiyar. Kuma na'urar taka ba ta da wurin sa memori? Yawancinsu suna ɗaukar bidiyo da kansu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Tana da wurin memori, na gwada, amma bidiyon ba ya nuna idon tsuntsun yadda nake so. Kyamarar kuwa ba zan bari a buɗe ta ba, ta marigayi yayana ce. Kuma ban ga laifin na'urar ba, na yi wata guda ina bincike kafin in saya, kuma da ita na fara ganin uwar tana shiga kogon da ɓera a baki. Ina ganin in na matso da gilashin sosai, na ɗora su duka kan ƙafa uku, da'irar za ta buɗe.

Tsohon mai hoto: Da'irar za ta ɗan buɗe, allon yana nan.

Mai tambaya: To in da wayar salula na kara fa, tunda gilashinta ƙarami ne? Jiya da dare na ji ƙaramin kuka daga kogon.