Wa ke da ikon cewa fassararmu ta wuce?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar buɗaɗɗiyar manhaja, wato manhajar da kowa zai iya ganin yadda aka rubuta ta kuma ya kawo gyara. Mu 6 ne muke fassara wata babbar manhaja zuwa Hausa: 3 a nan Legas, 2 a Kano, 1 a Damagaram. Da rana ina gyaran waya a Computer Village, sai na dawo Agege da dare nake zama kan fassarar, in an kawo wuta. Wata 8 ke nan.

Duk abin da muka fassara sai wani daga cikin manyan masu kula da manhajar ya amince kafin ya shiga, alhali babu mai jin Hausa a cikinsu. Makon jiya wani bawan Allah da ba ya cikinmu ya turo gyara, ya cire ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ gaba ɗaya, aka karɓa a ranar. Yanzu maɓallin "Ƙara" ya koma "Kara". Namu aikin kuwa, jimloli sama da 400, yana jiran layi tun bayan Babbar Sallah. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Wasu cikinmu sun ce mu kwashe kayanmu mu ɓalle. Shin a manyan al'ummomi yaya ake ba ƙaramin reshe ikon kansa?

Malamin Yaba:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ku yi saurin ɓallewa. Dubi gidauniyar Apache, mai kula da ayyukan buɗaɗɗiyar manhaja masu yawa, wadda aka kafa a 1999. Hukumar gudanarwarta ba ta shiga batun abin da za a rubuta a manhaja. Kowane aiki yana da nasa kwamitin, kuma su ke yanke hukunci ta hanyar ƙuri'a: +1 na amince, 0 ban da ta cewa, -1 ban yarda ba. Kafin a fitar da sabon salon manhaja sai an samu aƙalla +1 guda 3 daga 'yan kwamiti, kuma masu amincewa su fi masu ƙi yawa. Akan bar ƙuri'a a buɗe na sa'o'i 72, don wanda yake barci a wata nahiya ya samu damar magana. Abin da ya fi burge ni shi ne, wanda ya hau kujerar naƙi a kan wani gyara dole ya kawo hujja ta fasaha, in ba haka ba ƙin nasa bai zauna ba. Da kuna da irin wannan, da mutum ɗaya cikinku ya isa ya tsayar da cire ƙugiyoyin nan.

'Yar Mile 12:
Malam ya yi gaskiya, amma ku ba kwamiti kuke buƙata yanzu ba. Mahaifina albasa yake sayarwa a Mile 12, kuma tun ina yarinya na san in rigimar albasa ta taso, shugabannin 'yan albasa ake nema, ba na 'yan tumatir ba. Masu Kubernetes, wata babbar buɗaɗɗiyar manhaja, haka suka tsara. Akwai fayil mai suna OWNERS da ake ajiyewa a cikin kowane sashe, yana ɗauke da sunayen masu dubawa da masu amincewa. Fassarar takardunsu ma kowane harshe da nasa mutanen, kuma ba ka amince wa aikinka da kanka, shi ya sa suke son aƙalla mutum 2 kafin a fara sabon harshe. Ku rubuta wa masu kula da manhajarku a fili, inda kowa zai gani, ku ce a sa sunan mutum 2 cikinku a kan sashen Hausa kawai. Ku haɗa da hoton "Kara" ɗin nan da bayanin ma'anarsa. Wallahi yawancinsu so suke a sauke musu nauyin abin da ba su sani ba.

Baban Hanif, Idi-Araba:
Ni tsorona daga cikin gida yake. Kun daidaita tsakaninku? Ɗan'uwanku na Damagaram zai rubuta ƴ, ku kuma 'y kuke rubutawa. Ranar da aka miƙa muku iko, wannan ce rigimar farko. Ku rubuta ƙa'idar rubutunku tun yanzu, da yadda ake shigo da sabon mutum, da abin da za a yi in mai amincewa ya yi shiru wata 3. A Apache kowane kwamiti yana kai wa hukuma rahoto duk bayan wata 3, aikin da masu shi suka watse kuma a ajiye shi a ma'ajiyar da suke kira Attic. Batun ɓallewa kuwa, LibreOffice, manhajar aikin ofis da ta ɓalle daga OpenOffice, ta tsaya da ƙafarta a 2010 ne saboda jama'a da yawa sun tashi tare. Ku 6 ba za ku iya bin kowane sabon salo ba.

Ɗan Agege:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Baba, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, don mun taɓa yin musu kan ƴ ɗin nan muka bar shi a haka. Ranar Lahadi bayan La'asar za mu yi waya mu 6 mu gama da shi, sannan in rubuta takardar. Yaya, in na gama zan turo miki ki duba mini Turancin kafin in aika.