Wai da gaske Indiyawa sun taɓa iya ƙwallo? Waye Chuni Goswami?

Ɗan_Sharaɗa:

Salam 'yan uwa, dan Allah masu sanin tarihin ƙwallo ku raba min gardama. A kamfanin robar da nake aiki akwai wani injiniya Ba'indiye, dattijo ne mutumin Kolkata, jiya bayan azahar muna musun Firimiya da yara sai ya sa baki, ni kuma da tsokana na ce masa Oga ku ina ruwanku da ƙwallo, ku da aka kora saboda tsafi tun da kuka ci mu 99 da 1. Wallahi mutumin nan dariya ya dinga yi har da riƙe ciki, ya ce tunda ya zo Najeriya ake ba shi wannan labarin amma a ƙasarsu ko mutum ɗaya bai taɓa jin sa ba. Sai ya ciro waya ya nuna min wani tsohon hoto marar kala, wai sunansa Chuni Goswami, wai shi ne kyaftin ɗinsu lokacin da suka ci Asiya gaba ɗaya, wai kuma da ya ajiye ƙwallo ya koma kurket can ma ya zama kyaftin. Ya ce a garinsu idan kulob biyu za su haɗu har kuɗin kifi tashi yake a kasuwa. Ni dai na ga kamar cika baki ne, Indiyar da ko gasar kofin duniya ba ta taɓa leƙawa ba? Wanda ya san gaskiyar abin ya faɗa mana.

Tsohon_Gola:

Wa alaikumus salam. Ɗana ka je ka ba dattijon nan haƙuri don gaskiya ya faɗa maka. Wancan zancen na 99 da 1, da ƙwallo tana rikiɗa ta zama zaki, da gola yana ganin ƙwallo bakwai, duk tatsuniyar dandali ce, mu ma da ita muka tashi, wani ya ce Thunder Balogun ne ya ci mana ɗayar wani ya ce Okwaraji, mutanen Ghana ma suna ba da irinta amma su da ƙasarsu. Ba a taɓa buga wasan ba. Dakatarwar da FIFA ta yi wa Indiya a watan Agustan 2022 ce, kan katsalandan a harkar hukumarsu, kuma ko sati biyu ba ta yi ba aka ɗage.

Shi wannan bawan Allah sunansa na yanka Subimal Goswami, Chuni laƙabi ne. An haife shi 1938 a Kishoreganj, wadda yanzu take cikin Bangladesh, lokacin duk ƙasa ɗaya ce a hannun Turawa. Yana ɗan shekara 8 ya shiga ƙaramin tim na Mohun Bagan, wani babban kulob na Kolkata, 1954 ya hau babba, bai sauka ba sai 1968, kuma duk tsawon nan bai taɓa sa rigar wani kulob ba. Ɗan gaba ne, mai yanka, irin waɗanda ƙwallo ke manne musu a ƙafa.

Abin da ya sa har yau suke ambatonsa shi ne gasar wasannin Asiya ta 1962 a Jakarta. Kuma ba haka kawai suka ɗauko zinaren ba. Wani jami'in wasanni Ba'indiye mai suna Sondhi ya soki Indonesiya kan ta hana Isra'ila da Taiwan shiga gasar, sai gari ya ɗauki zafi, duk inda aka ga Ba'indiye sai ihu. Wasan farko ma Koriya ta Kudu ta ba su 2 da nema. Suka farfaɗo suka ci Thailand 4 da 1, suka ci Japan 2 da nema, a wasan kusa da na ƙarshe suka fitar da Vietnam ta Kudu 3 da 2, Chuni ne ya zura biyu a ciki. Fainal aka sake haɗuwa da Koriyar nan dai, fili cike maƙil da mutum wajen dubu 100 kusan kowa yana musu fatan faɗuwa, masu tafa musu 'yan tsiraru ne, ciki har da 'yan wasan hoki na Pakistan, ka ji abin mamaki. Babban ɗan bayansu Jarnail Singh kansa a fashe yake da ɗinki tun wasan Thailand, koci Syed Abdul Rahim ya ce to tunda ba ka iya sa kai a baya koma gaba, ya koma gaba ya ci ƙwallo. P.K. Banerjee ya ci ɗaya shi ya ci ɗaya, aka tashi 2 da 1. Rahim ɗin bai cika shekara bayan nan ba ya rasu, 1963, kuma da yawa a can suna cewa da shi aka binne ƙwallon ƙasar.

Su uku ake haɗawa a gaba, Chuni da P.K. da Tulsidas Balaram. A Olamfik ta Roma 1960 sun yi kunnen doki 1 da 1 da Faransa, Hangari kuwa da ƙyar ta ci su 2 da 1. To ka ga ba wasan yara ba ne.

Mai_Jan_Kati:

Baba Gola da girmanka amma ni fa ban yarda a zuzuta abin nan ba. Asiyar 1962 wace Asiya ce? Japan a lokacin ko gasar ƙwararru ba ta da ita, Larabawa ba su farka ba. Kofin Asiya na 1964 da ake cewa Chuni ya kai su na biyu ƙasashe huɗu ne kacal suka buga, Isra'ila da Indiya da Koriya da Hong Kong, na biyu a cikin huɗu har wani abin a buga ganga ne? Sannan jaridunsu sun sha maimaita cewa Tottenham ta neme shi ya ƙi zuwa. To in dai ka isa ai fita kake ka gwada ƙwanji, namu Balogun tun shekarun 1950 ya tafi Ingila ya buga a Peterborough da QPR. Mutum ya zauna a gida ana masa kirari, yana shekara ashirin da 'yan kai ya bar buga wa ƙasa, ni a wajena tsoro ne kawai ko kuma jin daɗi ya yi masa yawa.

Ɗalibin_Kolkata:

Yaya Jan Kati ka yi magana amma da idon yanzu kake kallon abin. Ni na yi shekara huɗu ina karatu a garin nan, bari in faɗa maka abin da na gani, don sai ka gane garin za ka gane mutumin.

Kolkata ita ce hedikwatar Turawa a Indiya har 1911, sojojinsu ne suka kawo ƙwallo, shi ya sa kulob ɗinsu suka girmi yawancin na Turai da muke mutuwa a kai, Mohun Bagan 1889, Mohammedan Sporting 1891, East Bengal 1920. Ranar 29 ga Yulin 1911 Mohun Bagan ta ci tim ɗin sojan Birtaniya na East Yorkshire 2 da 1 a fainal ɗin kofin da ake kira IFA Shield, kuma cikin su sha ɗaya mutum ɗaya ne kawai ya sa takalmi, sauran duk ƙafa tsirara suka tari sojoji masu but. Har gobe ranar nan biki suke yi, don su a wajensu ba kofi suka ci ba, Bature suka kayar a gaban jama'a lokacin da ba mai iya ɗaga masa ido. Ita kuma Mohammedan, kulob ɗin da Musulmi suke bi, ita ce tim ɗin 'yan ƙasa ta farko da ta ci lig ɗin garin, 1934, kuma ta jera sau biyar har 1938. Na taɓa hira da wani tsoho mai sayar da turare kusa da masallacin Nakhoda, da ya ji daga Najeriya nake bai tambaye ni komai ba sai Chima, zan dawo kan wannan.

Maganar kifi da injiniyanku ya yi gaskiya ce. Mutanen Bengal kashi biyu suke kallon kansu, 'yan asalin yamma da ake kira Ghoti, su ne 'yan Mohun Bagan, da waɗanda tushensu gabas ne ake ce musu Bangal, su ne 'yan East Bengal, kuma bayan raba ƙasa a 1947 miliyoyi sun tsallako daga gabas ba gida ba gona ana musu kallon baƙi ana kwaikwayon maganarsu, to kulob ɗin nan shi ne wajen da suke huce haushi. In East Bengal ta ci sai a dafa wani kifi da suke kira ilish, in Mohun Bagan ce sai jatan lande. Mai gidan da na zauna ɗan East Bengal ne, ranar da aka ci su ko gaisuwa ba ya amsawa, matarsa ce take min alama da ido in wuce kawai.

Yanzu ka duba Chuni. Haihuwar gabas ne, a ƙa'ida Bangal ne, amma ya zama fuskar kulob ɗin Ghoti, kuma bai taɓa tsallakawa ɗaya ɓangaren ba duk da can ne danginsa na asali. A gari irin wannan barin kulob kamar barin gida ne. Kuma a zamaninsu ƙwallo ba sana'a ba ce, ɗan wasa aikin ofis yake da shi, shi Chuni aikin banki, P.K. ma'aikacin jirgin ƙasa ne shi ya sa kusan duk rayuwarsa a Eastern Railway ya buga, har ya ci lig da su a 1958 a gaban manyan nan uku. A Ingila kuwa har 1961 akwai dokar da ta ƙayyade albashin ɗan ƙwallo fam 20 a sati. To mutum yana kyaftin ɗin ƙasarsa, yana da aiki mai fansho, duk inda ya bi ana nuna shi, ka ce ya tattara ya tafi gwaji cikin sanyi? Ni ban ga tsoro a nan ba, lissafi ya yi irin na magidanci. Inda zan bi ka shi ne Asiyar lokacin ba ta kai ta yanzu ƙarfi ba, wannan kam haka ne, amma ai kowa da tsaransa yake kokawa.

Kurket ɗin ma ba ƙarya. Ya buga wa jihar Bengal a gasar Ranji, wato gasar kurket ta cikin gida a Indiya, shi ne kyaftin da ya kai su fainal a kakar 1971/72 Bombay ta doke su, kuma a 1966 yana cikin haɗakar yankuna biyu da suka kayar da West Indies, tim ɗin ƙasashen Karibiyan ta shahararren ɗan kurket Gary Sobers, shi kaɗai da jifarsa ya fitar da 'yan wasansu 8 a wasan. Daga baya ya shugabanci makarantar ƙwallo ta Tata a Jamshedpur. Ya rasu 30 ga Afrilun 2020, kwana arba'in da ɗaya bayan P.K., lokacin kullen korona, garin da ya saba cika fili dominsa ba a samu an taru an raka shi yadda ya kamata ba.

Na ce zan dawo kan Chima. Chima Okorie namu ne, karatu ya kai shi Indiya, ya buga wa Mohammedan, ya koma East Bengal, sannan a 1991 Mohun Bagan da ta shekara ɗari ba ta ɗauki baƙo ba ta karya al'adarta a kansa. Emeka Ezeugo ma ya buga a Kolkata da Dhaka kafin ya je kofin duniya na 1994 da Super Eagles. Bayansu ga su Odafa Okolie da Ranti Martins da suka dinga cinye takalmin zinare a lig ɗinsu. A 1997 da aka yi dabin da mutum dubu 131 suka shiga filin Salt Lake, East Bengal ta ci 4 da 1, Bhaichung Bhutia ya zura uku, ɗayar ta Mohun Bagan Chima ne ya ci. Kai ko a tasi ka ce Najeriya sunan da za ka fara ji kenan.

Tsohon_Gola:

Madalla da ɗalibi. Ƙari ɗaya kan kofin duniya da mai tambaya ya taɓo, sun samu gurbi a na 1950 a Brazil bayan abokan rukuninsu sun janye, hukumarsu ce ta ƙi tura su, Olamfik suka fi ɗauka da daraja a lokacin ga tafiyar nesa. Shi ne aka mayar da shi wai an hana su don ba sa sa takalmi. Kuma kafin mu yi musu dariyar ƙafa tsirara, tim ɗinmu da ta je Ingila a 1949 ita ma haka ta buga, da Balogun ɗin naka a ciki Jan Kati.

Mai_Jan_Kati:

Naji Baba, na janye kalmar tsoro. Amma har yanzu ba wanda ya gaya min yadda ƙasa mai mutum sama da biliyan ɗaya ta kasa fitar da sha ɗaya. Kar ku ce min kurket, don sai 1983 suka ci kofin duniyarta, ƙwallon kuwa tun kafin nan ta faɗi. Ni ina ganin wannan zaman gidan da kuke yabo shi ne ya cinye su, kowa ya ƙoshi da dabin unguwa, Pele ma da ya je da kulob ɗinsa na Amurka, Cosmos, a 1977 aka yi 2 da 2 da Mohun Bagan sai suka ɗauka sun kai.

Ɗan_Sharaɗa:

Kai jama'a na gode, Allah ya ƙara sani. Yau da safe na same shi na ce Oga ashe ku ne kuka ci Turawa ba takalmi a 1911, ina jiran ya ji daɗi sai na ga ya ɓata rai ya ce wannan Mohun Bagan ce, shi ɗan East Bengal ne kakansa daga Dhaka ya taso, in ina son magana in tambaye shi fainal ɗin 1975 da suka ba su 5 da nema. Na ce to hoton Chuni fa me yake yi a wayarka, ya ce wannan daban, na Indiya ne ba na Mohun Bagan ba. Ɗalibi dan Allah wannan kifin ilish ɗin da wanne namu ya yi kama? Ya ce in matarsa ta zo da shi zai ɗanɗana min amma wai in shirya wa ƙaya.