Tallafin musaya tsakanin jami'o'i: a matsayin ɗaliba zan nema ko a matsayin malama?

Rukayya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan harkar tallafin musaya tsakanin jami'o'in ƙasashe. Ni ƙaramar malama ce a sashen nazarin ƙananan halittu, kuma a jami'ar da nake koyarwa nake yin digirina na uku, yanzu ina shekara ta biyu. Bincikena ya kai gaɓar da yake buƙatar wasu na'urorin tantance ƙwayoyin halitta waɗanda ɗakin gwaje-gwajenmu ba shi da su, shi ya sa nake son tallafin da zai kai ni wata jami'a a waje na ɗan lokaci, in yi wannan ɓangare na aikin, in dawo in kammala a inda na fara.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk sanarwar da na karanta ta Erasmus+, wato shirin Tarayyar Turai na musayar ɗalibai da malamai, tana ambaton rukuni biyu, ɗalibai da ma'aikata, ni kuwa kowanne rukuni ina cikinsa. Sannan ban ga inda mutum zai cike takardar nema kai tsaye ba, kamar yadda ake yi a tallafin karatu na Chevening na gwamnatin Birtaniya ko na Erasmus Mundus na Tarayyar Turai. Akwai kuma wani da ya tuntuɓe ni ta WhatsApp ya ce shi wakili ne, idan na biya kuɗin rajista zai sa sunana a jerin waɗanda za a tura. Ban biya ba, amma ina so in ji ko haka tsarin yake. A taimaka mini da bayani, musamman a kan rukunin da ya fi dacewa da mai irin matsayina.

Malam Bashir ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama Rukayya. Na yi aiki a ofishin hulɗa da ƙasashen waje na wata jami'a, kuma wannan tambaya tana cikin waɗanda aka fi kawo mana. Dalilin da ya sa ba ki ga wurin nema kai tsaye ba shi ne babu shi. Chevening da Erasmus Mundus tallafi ne na cikakken digiri: mutum ya nema da kansa, ya tafi, ya karɓi shaidar digiri daga can. Musaya kuwa alkawari ce tsakanin jami'o'i biyu, ɗalibi ko malami kuma yana tafiya ne a ƙarƙashin wannan alkawari, sunansa yana nan a rajistar jami'arsa, ita ce kuma za ta ba shi digiri a ƙarshe.

Ga yadda abin yake tafiya. An kafa Erasmus a 1987 domin ɗaliban Turai, aka mayar da shi Erasmus+ a 2014, sai a 2015 aka buɗe ɓangaren da ya ba jami'o'in sauran duniya damar shiga musayar; shi ne ake kira KA171 a zagayen 2021 zuwa 2027, a da kuma KA107. Jami'ar da ke cikin Tarayyar Turai, ko cikin ƙasashen da suka haɗe da shirin irin su Norwe, Sabiya da Turkiyya, ita ce take neman kuɗin daga hukumar shirin ta ƙasarta, tana mai ambaton jami'o'in waje da take son yin musaya da su. Idan ta samu, sai ɓangarorin biyu su sa hannu a yarjejeniyar da za ta fayyace mutum nawa za a tura, daga wane fanni, a wane mataki na karatu, kuma na tsawon wane lokaci. Bayan haka ne jami'arki za ta fitar da sanarwa, ta tantance masu nema, ta aika sunayen waɗanda ta zaɓa. Saboda haka tambayar farko ba ta rukuni ba ce, tambayar ita ce: shin jami'arki tana da irin wannan yarjejeniya da take aiki yanzu, kuma fanninki yana ciki? Sau da yawa za ki tarar akwai yarjejeniya, amma ta sashen aikin gona ce ko ta injiniya kawai. Zuwa da kai ya fi aike, ki je ofishin hulɗa da ƙasashen waje na jami'arki da kanki ki nemi a nuna miki jerin yarjejeniyoyin.

Daga nan kin ga matsayin wannan mai kiran kansa wakili. Babu kuɗin rajista a tsarin, jami'ar da za ta karɓe ki ma ba a yarda ta karɓi kuɗin makaranta ko na jarrabawa daga gare ki ba, kuma babu wani na waje da yake da ikon sa suna a jerin da kwamitin jami'a ne yake fitarwa.

Game da rukunin, bambancin yana cikin tsawon zama da abin da ake sa ran ki yi. Ɗalibi yakan yi daga wata 2 zuwa wata 12 a kowane matakin digiri, ana ba shi yuro 800 ko 850 ko 900 a wata gwargwadon tsadar rayuwa a ƙasar da ya je, tare da kuɗin tafiya da ake ƙiyastawa bisa nisan hanya. Ma'aikaci kuwa daga kwana 5 ne zuwa wata 2, ana biyansa kuɗin guzuri na kowace rana, wanda yake raguwa zuwa kashi 70 cikin ɗari bayan kwana na 14. Idan koyarwa ta kai shi, dole ne ya koyar na aƙalla awa 8 a mako, sai dai idan an haɗa da samun horo, nan ne ake rage shi zuwa awa 4. A zahiri kuma yawancin guraben ma'aikata da na gani na mako guda ne, domin jami'o'i sun fi son raba kuɗin ga mutane da yawa. Wanda yake son ya zauna a ɗakin gwaje-gwaje ya gudanar da bincike, mako guda ba zai ishe shi ko sanin hannun na'urorin ba. A ganina, a matsayin ɗaliba ya kamata ki nema.

Dakta Asabe ta amsa:

Bayanin Malam Bashir a kan tsarin daidai ne, amma ina da ja a kan shawararsa ta ƙarshe, ko in ce a kan jerin matakan. Rukayya, ƙanwata, abin da ke kai ɗalibar digiri na uku ɗakin gwaje-gwajen wata ƙasa ba takardar yarjejeniya ba ce ita kaɗai, a'a, sai an samu farfesa a can wanda ya san aikinki, ya yarda ya ba ki wurin zama, ya kuma amince a kashe kayan gwajinsa a kanki. Kuɗin musaya na cinki da kwananki ne da tafiyarki, ba ya sayen sinadarai, masu aiki a fanninki kuwa sun san sinadaran nan sukan fi kuɗin jirgi tsada. Na ga waɗanda suka samu gurbin wata shida, suka isa, suka tarar ba wanda ya ware musu komai, suka ƙare a ɗakin karatu suna jiran a duba buƙatarsu.

Shi ya sa ba na raina tafiyar mako guda ta ma'aikata. A wannan makon ne za ki gabatar da bincikenki a gaban sashen, ki ga na'urorin da idonki, ki zauna da mutumin da zai karɓe ki ku rubuta tsarin aikin tare. Wadda ta yi haka ta dawo, takardar nemanta ta gaba ba ta kama da ta wadda ta samo sunan farfesa a intanet. Tsarin Erasmus+ ya kuma ba ɗaliban digiri na uku damar gajeriyar tafiya ta kwana 5 zuwa 30, sai ki tambaya ko yarjejeniyar jami'arku ta tanadi hakan.

Kada kuma ki tsaya a Erasmus+, domin akwai shirye-shiryen da aka gina musamman saboda masu irin matsalarki. Hukumar tallafin karatu ta Commonwealth da ke Birtaniya tana da tallafin da ake raba digiri na uku tsakanin jami'o'i biyu: rajistarki tana gida, ki yi wata 12 a wata jami'ar Birtaniya, kuma suna neman shaidar alaƙa tsakanin sassan biyu da wasiƙar goyon baya daga mai duba aikinki na nan da na can. Hukumar musayar ilimi ta Jamus, DAAD, wadda take wannan aiki tun 1925, tana da irinsa, inda malamai biyu daga ƙasashe biyu suke duba kundi ɗaya. Cibiyar TWAS mai tallafa wa kimiyya a ƙasashe masu tasowa, da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya assasa a 1983, takan tura masu binciken kimiyya daga wata ƙasa mai tasowa zuwa wata, kuma ba ƙaramin kuskure ba ne a ɗauka cewa na'ura mai kyau sai a Turai. Akwai ɗakunan gwaje-gwaje a Indiya da Afirka ta Kudu da Brazil da za su biya miki buƙata. Waɗannan duka ke ce za ki nema da kanki, amma kin lura kowanne yana komawa ga abu guda, wato samun malamin da zai karɓe ki.

Rukayya ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam Bashir da Dakta. Na je ofishin, kuma akwai yarjejeniya da wata jami'a wadda ta haɗa da tsangayar kimiyya, da gurbin ɗalibai da na ma'aikata. Saura tambaya ɗaya: idan na tafi na watanni a matsayin ɗaliba, mene ne makomar aikina na koyarwa, kuma ta yaya zan tabbatar an lissafa mini abin da na yi a can cikin digirina?

Malam Bashir ya amsa:

Waɗannan biyun su ne inda aka fi samun matsala bayan an dawo, saboda haka a warware su a rubuce kafin a tashi. Ta fuskar aiki, shirin musaya ba shi da hurumi a tsakaninki da mai biyanki albashi. Zaɓen da kwamitin musaya ya yi miki ba izinin barin aiki ba ne. Sai kin nemi hutun ƙaro ilimi ta hannun shugaban sashe har zuwa hukumar jami'a, an rubuta ranar tafiya da ta dawowa, an kuma faɗi wanda zai riƙe kwasa-kwasanki. Jami'o'i da dama sukan sa malami ya sa hannu cewa zai dawo ya yi musu aiki na wani lokaci, sai ki karanta sharaɗin da kyau.

Ta fuskar karatu, akwai takardar da ake kira yarjejeniyar karatu, wadda ɓangarori uku suke sa wa hannu: ke, da jami'arki, da jami'ar da za ta karɓe ki. Ga ɗalibin digiri na farko, a cikinta ake jera kwasa-kwasan da zai ɗauka a can da waɗanda za su maye gurbinsu a gida, bisa ma'aunin ECTS na Turai, inda shekarar karatu take da kiredit 60, zango ɗaya kuma 30. Ɗalibin da ya tafi ba tare da sashensa ya amince da wannan daidaitawa ba yakan dawo a ce ya maimaita zangon. Ke da kike bincike, abin da za a rubuta shi ne gwaje-gwajen da za ki yi da babin kundin da suka shafa. Ina ba ki shawara ku ƙara da wata takarda daban wadda za ta fayyace wanda ya mallaki sakamakon gwajin, da yadda za a jera sunaye idan aka buga maƙala, da kuma izinin fitar da samfuran halittu daga ƙasa zuwa ƙasa, domin wannan izini yakan ɗauki lokaci fiye da biza.

Injiniya Nura ya amsa:

Zan ƙara da batun biza da kuɗi, tunda ba a taɓo su ba. Bizar Schengen ta gajeren zama, wato biza ɗaya da ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, tana ba da kwana 90 ne cikin kowane kwana 180, kuma tana buƙatar inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Ita ce ta dace da tafiyar ma'aikata. Zaman da ya wuce kwana 90 kuwa yana buƙatar bizar dogon zama ta ita ƙasar da za a je, wadda takardunta suka fi yawa, jiranta ma ya fi tsawo, saboda haka ranar da wasiƙar gayyata ta iso ya kamata a nemi ranar ganawa a ofishin jakadanci. Wanda kuma yake duban Amurka ta hanyar Fulbright, shirin musaya na gwamnatin Amurka da aka kafa a 1946, ya san cewa bizar J-1 da ake ba masu musayar da gwamnati ta ɗauki nauyinsu tana ɗauke da sharaɗin komawa gida na shekara biyu kafin a cancanci bizar aiki ko takardar zama na dindindin a can.

Batun kuɗi kuma, yawancin jami'o'in da ke karɓar baƙi ba sa biyan komai sai mutum ya iso ya sa hannu, wani lokaci sai ya buɗe asusun banki, sannan sukan riƙe wani kaso sai ya miƙa rahoton ƙarshe. Ke nan kuɗin biza da inshora da kuɗin ajiya na ɗakin kwana, sau da yawa har da tikitin jirgi, daga aljihunki za su fara fita. Kuɗin tafiyar ma ƙayyadajje ne, idan tikiti ya fi shi tsada ke za ki cika. Malama Rukayya, ki rubuta wa jami'ar can tun yanzu ki tambaye su ranar biyan kashin farko da ko suna saya wa baƙi tikiti da kansu, domin wasu suna yin hakan idan an roƙa da wuri.

Dakta Asabe ta ƙara da cewa:

Tunda yarjejeniyar tana da guraben biyu, ki tambayi ofishin shekarar da za ta ƙare. Idan da sauran lokaci, ki nemi na ma'aikata a wannan zagaye, na ɗalibai kuma a mai zuwa, matuƙar ƙa'idar zaɓen jami'arku ba ta hana ba, ko da yake a wurare da yawa ana fifita wanda bai taɓa tafiya ba, wannan kuwa zai iya rage miki maki a nema na biyu. Idan wannan ne zagayen ƙarshe, to shawarar Malam Bashir za ki bi, amma ki sa mai duba aikinki ya rubuta wa takwaransa na can a makon nan, a haɗa da taƙaitaccen tsarin gwajin da jerin sinadaran da zai ci, a ji ko za su iya ɗauka kafin ki cike takardar.