Eriyar waje ko ta cikin ɗaki? Neman shawara daga Wudil

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Mahaifina yana zaune a Wudil, kimanin kilomita 40 daga Kano, kuma abin da yake kallo bai wuce labaran NTA da na ARTV da tafsirin watan azumi ba. Kuɗin dikoda na wata-wata ya fara yi mini nauyi, shi ya sa nake so in sanya masa eriya. Gidan rufin kwano ne, talabijin ɗin kuma na hannu ne da na sayo a Sabon Gari. Shin ƙaramar eriyar cikin ɗaki za ta wadatar, ko sai na kafa ta waje?

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam. Ka sanya masa dish ka huta, mu da shi muke kallon sallar Makka da Madina ba tare da biyan ko sisi ba.

Baban Khalifa: Na gode Hajiya, amma tashoshin gida yake so ya gani.

Mai Gyaran Talabijin: Malam, ka manta da eriyar cikin ɗaki, domin kwano yana tare sigina, balle ga nisa. Ka nemi doguwar nan mai haƙarƙari, ka ɗaga ta sama da rufi, ka fuskantar da bakinta wajen Kano, sannan ka yi amfani da waya mai kauri ta RG6 wadda ba a yi mata haɗi ba. Kafin komai ka duba bayan talabijin ɗin ko an rubuta DVB-T2, domin shi ne tsarin dijital na Najeriya, kuma wanda aka ƙera don kasuwar Amurka ba zai kama tashoshinmu ba sai da akwatin dikoda.

Alhaji na Gwarzo: Ɗana, ka yi hattara da maganar ɗaga eriya sama. Daminar bara wani yaro ya kafa mini ita a kan bututun ƙarfe mai tsawon gaske, ya karɓi kuɗinsa, bai gaya mini cewa ana sauko da waya a binne ta a ƙasa ba. Daren da aka yi tsawa wuta ta biyo wayar, ta ƙone talabijin da dikoda da fanka, kuma jikata tana kwance a ɗakin, Allah ne kaɗai Ya tsare. Da na neme shi ya ce kayana ne ba su da kyau, daga nan ya daina ɗaukar wayata. Har yau idan hadari ya haɗo sai na tashi na zare komai.

Maman Hanifa: Subhanallahi, Allah Ya ƙara tsarewa Alhaji.

Ɗan Dawanau: Ni dai naira 6,000 na sayi eriyata har da bosta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina.

Malamin Firamare: Wace shekara ke nan? A watan jiya 15,000 aka ce mini, ban da waya da kuɗin aiki. Bostar kuwa ba ta tsinana mini komai ba, sai da na cire ta hoto ya daina tsayawa.

Mai Gyaran Talabijin: Ai bosta ba ta ƙirƙiro sigina, abin da eriya ta kamo shi take ƙarawa har da hayaniyarsa, kuma ga wanda yake kusa da tasha tana iya ɓata hoton.

Ɗan Dawanau: Kowa ya san mai gyara kayansa yake son sayarwa. Gara a tambayi maƙwabcin da eriyarsa take aiki a Wudil ɗin.

Mai Gyaran Talabijin: Ba na sayar da eriya, kuma shekara 18 ina hawa rufin mutane.

Ɗan Dawanau: To Malam, a sauko a sha ruwa, rana ta yi zafi.

Malamin Firamare: An ƙaddamar da FreeTV, wato tsarin gwamnati na kallon tashoshin gida ta dijital, a Jos a 2016, aka zo Kano a 2021, saboda haka akwatinsu ma abin tambaya ne. Sai dai duk wannan magana ce ta mai wuta. A unguwarmu sai a kwana uku ba a kawo ba, idan an kawo kuma ba ta da ƙarfin tayar da talabijin.

Alhaji na Gwarzo: Mu taransifomarmu wata biyu ke nan da lalacewa, an karɓi karo-karo sau biyu, har yanzu shiru.

Baban Khalifa: Allah Ya kyauta. Shin akwai wanda yake Wudil ko Gaya da zai gaya mini tashoshin da yake kamawa?