Neman shawara: bidiyona yana tsalle da rana, da dare kuma layuka

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan da na bar waya na koma ɗaukar bidiyo da kyamara, kuma abu biyu sun sako ni gaba. Da rana a waje hoton yana fita tar, amma da mutum ya ɗaga hannu ko mota ta gifta sai motsin ya riƙa yankewa kamar ana tsalle. Shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe wa haske a kowane hoto, tana kan 1/800 na daƙiƙa, don in na sauko da ita komai fari fat yake fita. Da dare kuma a ɗaki, ƙarƙashin fitila, na sa 1/60, sai ga wasu layuka masu duhu suna yawo a allon. Ina ɗauka a firem 25, wato hotuna 25, cikin daƙiƙa. Kyamarar ce ta samu matsala ko ni ne?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam ƙanena. Kyamararka lafiyarta ƙalau. Matsalar ita ce ka ɗauki shota a matsayin abin rage haske, kamar yadda masu hoton kati suke yi, alhali a bidiyo ita ce ke tsara yadda motsi zai fita. Ka ninka firem ɗinka sau biyu: firem 25 sai 1/50, firem 30 sai 1/60, firem 50 sai 1/100. Ana ce mata ƙa'idar digiri 180, sunan ya samo asali ne daga tsoffin kyamarorin fim masu faifai rabin da'ira da ke juyawa a gaban fim ɗin, rabin lokaci a buɗe, rabi a rufe. A 1/50 hannun da ke motsi yana barin ɗan dishi-dishi a kowane firem, shi ne ke haɗa wannan da na gaba, ido ya ga abu yana tafiya sumul. A 1/800 ka daskarar da kowane firem shi kaɗai, to ina za su haɗu?

Sabon Shiga: Na gane Yaya. To hasken fa? A 1/50 fuskar mutum ma ba na gani.

Ɗan Lens: Ka tsuke bakin lens ɗin zuwa f/22 kawai, an wuce wajen.

Tsohon Hannu: A'a Malam, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. A f/22 kaifin hoton yana raguwa, duk ƙurar da ke kan sensa, wato abin da ke karɓar haske a cikin kyamara, ta fito fili, bayan mutum kuma ya daina yin laushi. Ka fara sauke ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa mafi ƙanƙanta, sannan ka nemi filta ta ND, tabarau ce ta lens. Daga 1/800 zuwa 1/50 ka ninka hasken sau 16, don haka ND16 ce daidai da kai. Akwai wadda ake murzawa tana ƙara duhu, tana da sauƙin aiki, sai dai in ka kai ta ƙarshe takan zana wani duhu mai siffar X a tsakiyar hoto.

Mai Tace Bidiyo: Ni dai layukan dare ne ciwon kaina, don mu ake kawo wa a ce mu gyara, kuma da ƙyar suke gyaruwa. Fitila ba a tsaye take ci ba, ƙyaftawa take yi. Inda wutar lantarki take 50 Hz, wato tana juyawa sau 50 cikin daƙiƙa, kamar Turai da yawancin Afirka, sau 100 take ƙyaftawa cikin daƙiƙa, sai ka tsaya a 1/50 ko 1/100. Inda take 60 Hz, kamar Amurka, 1/60 ko 1/120. Wasu fitilun LED ba sa jin wannan lissafin, musamman in an rage musu haske. A nan sai ka kalli allo kana matsar da shota kaɗan-kaɗan har layukan su ɓace.

Ɗan Lens: Na karɓi gyara. Amma ni in ina ɗaukar wasan ƙwallo da gangan nake haura 1/250, don in an tsayar da hoton a ga ƙafar ɗan wasa sarai.

Sabon Shiga: Allah ya saka da alheri. Yanzun nan na gwada 1/50 a ɗakin, layukan sun tafi. Saura ND. Lens ɗina an rubuta 58 a bakinsa, shi ne girman da zan nema?

Tsohon Hannu: In akwai ɗan zobe mai layi a tsakiya kusa da lambar, eh, milimita 58 ke nan.